Rufin Jar Motar Arzika

Mu biyar ne a gidan ranar. Akwai ni, Kuluwa. Akwai maigidana, Allah ya jiƙansa, kwance cikin ɗaki da kurkunu biyu a ƙafa guda. Akwai uwarsa, Inna Tassala, wadda idonta ya mutu tun kafin a kawo ni gidan, amma kunnenta na jin tafiyar ƙadangare a bayan danga. Akwai ƙanensa Arzika. Sai Bulus, makanike daga Dogon Dutsi, ɗan unguwar mishan, wanda Arzika ya zo da shi. Ɗiyana biyu ba su nan, na aika da su Dogon Kiriya wurin ƙanwata don a rage bakin ci. Mu biyar, kuma cikin biyar ɗin ni kaɗai ce ban san abin da ake ciki ba. Ni da ake ce ma mai ido.

Damanar bana ce ta tono mini zancen. Ruwa ya sauka da wuri, munka yi shibka, sai ya ɗauke kwana ashirin, hatsi ya kwanta kamar an watsa masa ruwan zafi. Ran da ya dawo kuma kwanon ɗakina ya fara zuba daidai kan gado. Surukina ya ciro waya zai kira mai gyara. Na ce ya maida wayarsa aljihu. Na tankaɗe toka, na taka turmi, na shafa ta a jikin katakon rufi. Ina cikin shafawa warin tokar ya haɗu da na jiƙaƙƙiyar ƙasa, sai ga jar motar nan a gabana kamar jiya anka tsai da ita. Shekara talatin da wani abu ke nan.

Waccan shekara ta biyo bayan wadda ba mu samu komai ba. Tun bazara ba ta yi nisa ba babban rumbu ya ƙare, munka share shi har ƙasa. Zafi kuwa, ka zuba ruwa a randa da safe, da azahar ya zama na wankan jego. Kaji sun buɗe baki sun kwanta a gindin danga. Ni aikina a jere yake, ba ya canzawa. Da asuba rijiya, gaba ashirin da biyu, guga ɗaya na robar taya. In na dawo in sake wa anza ruwa, ƴaƴan itacen dajin nan da ake ci a shekarar yunwa, don sai ta yi kwanaki a jiƙe ana zubar da ruwan kafin ɗacinta ya fita ta ciwu. Kafin rana ta take in shiga daji neman ganyen jiga. Da yamma in dafa, in barbaɗa dussa in akwai, in raba kashi uku: na Inna, na maigida, nawa. Anza tana cika ciki amma ba ta zama a ƙafa. In ka tashi tsaye sai ka dafa bango ka jira duhun idonka ya wuce.

Duk da haka akwai hatsi a gidan. Yana cikin ƙaramin rumbun laka na bayan ɗakuna, mai baki a sama, wanda sai da tsani ake hawa. Iri ne. Muna ce masa irin Baba, don uban maigidana ne ya yi shekaru yana zaɓen zangarniyarsa da hannu. Ƙwayarsa ƙarama ce, baƙi-baƙi kamar toka ta taɓa ta, da ɗan tsini a baki. Kwana saba'in ya nuna, ko damana ta gajarta sai ya ba ka wani abu. Ni na sussuke shi, na sheƙe, na cakuɗa da toka saboda ƙwari, buhu biyar. Munka yi shibkar fari da ɗaya, rana ta ƙone ta. Munka yi ta biyu da ɗaya, iska ta taso da rairayi ta binne ta tun tana kunnen ɓera. A shibkar ta biyun nan ne ƙafar maigida ta kumbura, ya ƙarasa ramukan ƙarshe yana jan sungumi yana jan ƙafa, ni ina biye ina jefa iri ina rufewa da diddige. Saura buhu uku. Muna cin anza muna kallon rumbun, ba wanda ya taɓa cewa a buɗe.

Ni ban taɓa ganin cikin rumbun nan ba. A gidanmu, kamar gidajen Arewa da yawa a wancan zamani, mace ba ta leƙa rumbun gandu. An ce in ta leƙa albarka ta fita. Ki sussuka, ki sheƙe, ki ɗinke buhu, ki kawo gindin tsani, namiji ya karɓa ya hau. Samarin yanzu masu wa'azi a kasuwa sun ce wannan ba ya cikin addini. Lokacin ba wanda ya faɗa mini, kuma ko an faɗa ba na jin zan hau.

Ana cikin haka Arzika ya dawo daga Kwatano.

Arzika yana ɗan shekara huɗu anka kawo ni gidan. Uwarsa ba ta gani, don haka ni na yi masa wanka, ni na cire masa ƙaya, ni na goya shi lokacin da ƙyanda ta kusa tafiya da shi. Da ya girma ya shiga yi mini wasan ƙanen miji, ba ya kirana sai da matata. Shekara uku yana can bakin teku, ba saƙo ba aike. Sai ga shi da hantsi cikin jar mota, kansa a waje, iska na kaɗa masa riga, ga wani siririn mutum a gefensa rungume da jakar ƙarafa. Motar ba ta da kai. Duk garin ya fito, har waɗanda yunwa ta kwantar.

Ya diro yana dariya. "Matata! Kin tsufa ba ki jira ni ba?"

Na ce, "Kai kuma ka tafi da kai ka dawo da mota marar kai. Ina rabinta?"

Ya ce in tsaya in ga ikon Allah. Shi da siririn nan, Bulus, sunka kama wani baƙin abu da ke naɗe a bayan kujeru, sunka ja shi gaba kamar ana shimfiɗa tabarma a sama, sunka maƙale a goshin motar. Sai ga ɗaki. Rufin tamfol ne mai kauri, da ƙarafa a ciki kamar haƙarƙarin akuya, da ɗan madubin roba a baya. Inna ta sa aka kai ta ta shafa. Ta shafa motar, ta shafa fuskar ɗanta, ta yi ta kuka. Tsarabarsa sukari ne da shayi da kwanon shinkafa biyu. Munka ci kwana uku. Ya ce motar zai kai wa wani mai saye a gabas, amma ba zai wuce gida ba bai ga halin da muke ciki ba.

Ran kasuwar Kore Mairuwa na dawo daga rijiya na tarar sun tafi, wai za su sha mai. Da la'asar hadari ya haɗu a kudu, baƙi ƙirin. Mu nan yayyafi kawai munka samu, bai ko kashe ƙura ba, amma can kan hanya ya zuba sosai. Sunka dawo gab da magariba, rufin a rufe, su kuwa sharkaf kamar an tsamo su daga tabki. Ƙasan motar ruwa ne kwance har idon sawu. Ban taɓa ganin Arzika cikin fushi irin na ranar ba. Ya yi ta harbin taya yana zagin Bulus da Faransanci. Na ce a raina, don rigarsa ta jiƙe?

Kwana biyu Bulus yana fama. Ya sa wani danƙo mai wari duk inda ya ga ɗigo, ya watsa ruwa, ya koma ciki, ɗigon na nan. Ina wucewa ina kallonsa ta gefen ido. Rana ta biyu ban iya haƙuri ba.

Na ce, "Kai makanike, ruwa ba ya shiga ta inda yake ɗiga. Ta wani wuri yake shiga, ya yi tafiyarsa a ɓoye, sannan ya faɗo inda ya ga dama. Kana liƙe inda ya sauka ka bar inda ya taso."

Ubana mai rufin soro ne, uwata kuma ita ke gyaran salka da guga a garinmu. Tun ina yarinya nake bin sawun ruwa.

Arzika ya ji. Ya zo ya tsuguna kusa da murhu inda nake tsame anza, ya sassauta murya. Ya ce, "Matata, bar wasa. Ƙafar Yaya ta fara wari, ke ma kin ji. Ina so in kai shi likita a Dutsi. Kuma an ce za a raba taimakon abinci can, in na je da mota zan samo mana buhu. Amma in hadari ya tare mu a hanya, marar lafiya ya jiƙe, abinci ya jiƙe. Ki taimaka mini da rufin ga."

Na dube shi. Idon nan ne na yaron da na goya. Na ce gobe da rana tsaka a rufe motar a bar ni da ita.

Ranar farko haske na nema. Na shiga, na sa sunka rufe ƙofofi, sunka lulluɓe madubai da zannuwa. Ciki ya yi duhu, zafi kamar tanderu, ga warin kujera da ta sha ruwa ta fara ruɓa. Na kwanta rigingine na jira idona ya saba. Can sai na ga ɗigon haske ƙanana a jere, kamar bakin allura, duk kewayen madubin baya. Zaren ɗinkin ne ya sha rana ya mutu. Na bi su da farar ƙasa ina sa alama. Da na fito sai da Bulus ya riƙe ni, ƙasa na juyawa.

Ɗinkin ya ci mini yammacin ranar da safiyar washegari. Basillar uwata na ɗauko, da zaren da na kaɗa da hannuna, da dunƙulen kakin zuma da nake ɓoyo tun shekarar da ta gabata don tsagewar ƙafa. Na murza zaren cikin kakin har ya yi santsi, na bi tsofaffin ramukan ɗaya bayan ɗaya, don sabon rami sabuwar ƙofa ce ga ruwa. Bulus na waje yana karɓar basilla yana maido mini. Da munka gama na narka sauran kakin a sakaina na bi ɗinkin da gashin kaza.

Sannan toka. Na tankaɗe ta da rariya mai laushi, na shafa siririya a duk ƙarafan rufin daga ciki, da goshin motar, da gefen ƙofofi. Na ce wa Bulus ya ɗauki buta ya fara zubawa daga ƙasa, kaɗan-kaɗan, ya hau sama a hankali, kada ya wuce wuri sai na ce. Wanda ya fara daga sama ya jiƙa komai, ba zai san ta ina ba. Ruwan nan ni na jawo shi, tulu shida ranar, da cikin anza. Arzika bai taɓa igiyar guga ba, wai tafin hannunsa ya yi laushi a birni. Ya zauna a inuwa yana tsokanata.

"Matata, in kin gama zan ɗauke ki mu tafi Kwatano, mu bar tsohon ga."

"In ka iya jan guga ɗaya na bi ka."

Madubin baya bai zuba ba. Gefen dama bai zuba ba. Da buta ta kai goshi sai na ga baƙin layi ya keta tokar, siriri kamar sawun tana. Ya taso daga kusurwar hagu, ya bi ƙarfe ya tsallaka har tsakiya, can ya taru ya ɗiga. Taƙi biyu na hannu tsakanin inda ya shiga da inda Bulus ya yi ta liƙewa. Na kira shi ya leƙo ya gani. Ya riƙe baki. Robar da ke tsakanin rufi da goshi ce ta bushe ta tsuke a kusurwar. Bulus ya ce irin wagga roba ko a Dutsi babu. Na shiga gida na ɗauko gugana, na yanke masa baki, faɗin yatsa biyu, na kawo. Daga ranar gugan ya rage ɗaukar ruwa, kowane tulu sai na ƙara ja biyu.

Rana ta uku na ce wa Bulus har yanzu da saura. Ɗigo biyun nan ba su isa su tara ruwa har idon sawu ba. Na sa anka naɗe rufin baya, na duƙa ina duban inda yake kwanciya. Akwai wani kwari a wurin, dogo, kamar indararo, da rami a kowane gefe. Ruwan da ya gangaro daga rufi nan yake faɗawa ya bi ramukan ya fita ta ƙarƙashin mota. Duka biyun a toshe suke. Ruwa ya rasa hanya, ya cika kwarin, ya malalo ciki. Na dama zanzaro ne ya yi gini a ciki, na fasa da tsinken mazari. Na hagu na zura yatsa na ji laushi. Na jawo.

Hatsi ne. Ya tsira a cikin duhu, fari fat, da saiwa kamar gashin tsohuwa. Na yi ta zaƙulowa har ya cika mini tafin hannu. Wasu ƙwayoyin ba su fashe ba tukuna. Ƙanana, baƙi-baƙi, da tsini a baki.

Na miƙe na nufi Arzika. Na buɗe masa hannuna. "Mi ya kawo wanga cikin motarka?"

Ko ƙiftawa bai yi ba. Ya ce, "Wata tsohuwa munka rage wa hanya ran kasuwa, da ɗan ƙunshinta. Ita ta zubar."

"Irin Baba ne."

"Haba matata. Baba nawa ya ba mutane iri a ƙasar ga? Ko hatsin ma kishi kike da shi?"

Gaskiya ne, tsohon ya ba mutane. Na juya na dubi Bulus, shi kuma ya duƙa yana ɗaure takalmin da ba shi da igiya. Na gani. Wallahi na gani. Na dubi rumbun, murfinsa na nan, hular ciyawarsa na nan. Tsani na jingine a zaure, taku goma daga inda nake. Amma mace ba ta hawa, maigida ba ya iya tashi, wanda zan ce ya hau ya duba mini shi ne wanda nake tuhuma. Kuma ban so ya zama gaskiya ba. Na karɓi zancen tsohuwar kasuwa na haɗiye. Tsiron kuwa ban iya zubarwa ba, ba a yar da hatsi a shekara irin wannan. Na sa shi a sakaina da ɗan damshin ƙasa na tura ƙarƙashin randa.

Na koma na ƙarasa. Munka zuba buta guda a kwarin, ruwan ya fita ta ƙasa, tsurr, dama da hagu. Bulus na tattara ƙarafansa ya ce mini, ba tare da ya dube ni ba, "Inna, da ni ne ke, da na bar rami guda."

Na ce, "Shi ya sa kai ne kai. Ni ban taɓa barin aiki rabi ba."

Washegari ita ce ranar da nake faɗi. Tun safe iska ta tsaya cik, ko ganyen gawo ba ya motsi, tururuwa na ta kwashe ƙwai. Da hantsi gabas ta yi ja, sannan ta yi baƙi, sannan ya sauko. Ruwa ne irin wanda ake jira, mai nauyi, ba iska, yana dukan ƙasa tana shanyewa. Inna ta miƙa hannu waje tana hamdala. Maigida daga ɗaki yana ta tambaya, "Ya kai? Ya kai?" Arzika ya ruga ya shige motar ya rufe, ya zauna har ruwan ya tsagaita. Ya fito rigarsa a bushe ƙayau, ya ɗaga hannuwa yana rawa cikin taɓo.

"Ko ɗigo! Matata, ko ɗigo! Yarabawan Kwatano ba su iya wanga ba!"

Na ji daɗi. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi har cikin ƙashina. Na ce to gobe da sassafe a kai Yayansa likita, in sun dawo ya hau ya sauko mana da iri. Ya ce an gama. Na ɗauki gyale na tafi gandu in auna ruwan, tafiya ce mai ɗan nisa. Na tona da hannu a wuri uku, damshi ya wuce wuyan hannu, ya kusa gwiwar hannu. Ruwan shibka ne, na ƙarshe da za a samu, don damana ta riga ta raba. Na dawo ina lissafin kwana saba'in a yatsu, ƙafata ba ta ko jin yunwa.

Tun daga bakin zaure na ga sawun taya. Bai nufi hanya kai tsaye ba. Ya zagaya ta bayan danga, ya tsaya a gindin ƙaramin rumbu, sannan ya fita. Sawun shiga sama-sama yake, na fita ya nutse cikin taɓo. Tsani na jingine a jikin rumbun, hular ciyawa a ƙasa. Bulus na zaune a dakalin zaure da jakarsa a cinya.

Ya miƙe. "Ban shiga ba, Inna. Na ce masa ni da ƙafa zan koma."

Na ɗaure zanena na kama tsanin. Maigida ya ji ƙarar itacen, ya ɗaga murya daga ɗaki, "Ke! Kada ki hau!" Na hau. Shekara goma sha tara a gidan, ranar na fara ganin cikin rumbun. Ƙarami ne ashe. Toka a ƙasa, da sawun ƙafar mutum, da shatar buhu uku.

Na sauko na tsaya a tsakar gida. Bulus ne ya fara magana. Ya ce buhun farko ran kasuwa sunka kai, ruwa ya dake shi a hanya, masu saye sunka taɓa sunka ji damshi sunka ƙi, don jiƙaƙƙen iri ba ya jiran kowa. Rabinsa ya lalace. Shi ne fushin da na gani. Yanzu da ruwan shibka ya sauka ko'ina, ba abin da ake nema a kasuwa kamar iri, kuma wanga karon zai isa a bushe.

Na ce, "Kana sane ka riƙa zuba mini ruwa a buta."

Ya ce, "Na zuba."

Na shiga ɗakin maigida. Ya juya fuska bango. Ya ce na farkon shi ya yarda, Arzika ya ce masa buhun iri ɗaya zai musanya da na abinci uku, bai faɗa mini ba don ya san ba zan yarda ba. Na yau kuwa ya ji motsi, ya yi kira, ba a amsa ba. Na tambaye shi ko da na zauna kwana uku ina ɗinki bai ga ya kamata ya ce mini wani abu ba. Warin ƙafarsa ya cika ɗakin.

Inna na bakin ƙofarta, hannu a kan gwiwa. Ban ko tambaye ta ba ta ce, "Na ji na farko, na ji na yau. Murfin rumbun ga na san kukansa tun ina amarya."

"Kinka yi shiru, Inna?"

"Ɗana ne, Kulu. Na ce ko zai dawo."

Gab da magariba wani hadarin ya sake haɗowa ta kudu, daidai kan hanyar Kore Mairuwa. Na tsaya a bayan danga ina kallon ruwan yana sauka can kamar an saki labule. Na roƙi Allah ɗinkin nan ya ɓalle, robar ta zame, ramukan su toshe. Ina roƙo ina sane ba za su yi ba. Ni na yi aikin.

Arzika bai dawo ba. Ƙafar maigida ta warke da kanta bayan kaka, ta bar shi da ɗingishi har ya koma ga Allah. Gandu a shekarar na yi wa mutane ƙwadago sunka ba ni wani iri mai jinkiri na shibka, ya yi kara bai yi ido ba. Arzika sai bayan shekara goma sha ɗaya na sake ganinsa, ran bakwai ɗin Inna, ya sauko daga motar haya da ƴar jaka. Ya tsuguna ya ce, "Matata." Na ce, "Sannu da zuwa, baƙo," na sa anka kai masa ruwa. Amma wannan duk daga baya ne.

Washegarin ranar, da gari ya waye sosai, don ina so kowa ya ji, na ɗauki tsintsiya da rariya na sake hawa. Wanga karon maigida bai hana ni ba. Na shiga ciki na share tokar tas, har da ta cikin tsagar laka na tono da tsinke. Na tankaɗe a tsakar gida. Abin da ya rage a rariya ya cika ludayi biyu. Na jawo sakainar daga ƙarƙashin randa, tsiron ya ɗan yi kore. Bulus ya kwana a zaure, ya taso zai karɓar mini sungumi, na ce hanyar Dutsi na can.

Maigida ya ce daga ɗaki, "Gandu za ki?"

Na ce, "Gamanata za ni."

Ita ce ƴar gonata ta bayan gari, wadda abin da ta bayar nawa ne. Na sara ramuka da kaina, na koma na bi su. Ƙwaya uku-uku na jefa maimakon tsunkule, don su kai. Tsiron cikin motar kuwa da babban yatsa na dasa shi, ɗaya-ɗaya, a inda ƙasa ta fi sanyi. Kafin rana ta take na gama, wurin duka bai fi filin tsakar gida ba. Na dawo, na mayar wa rumbun murfinsa da hularsa ko da ba komai a ciki. Tsanin kuwa ban maida shi zaure ba. Na saɓo shi na kai ɗakina, na kwantar a bayan gado.